Ranar Da Na Zauna Wa Dije Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da wani ɗan ƙaramin ofishi a wata makarantar firamare ta Bronx ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau idan na ga biskit zube a kan teburi sai in ji tafin hannuna ya fara gumi.

A farkon shekarun casa'in ne, in ban yi kuskure ba shekarata ta biyu ke nan a New York. Na zo daga Jos da digirina na koyarwa, ina karatun digiri na biyu, ina zaune a ɗaki ɗaya a gidan wata 'yar cocinmu a Parkchester. Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa ni matsoraciya ce. Ina tsoron ɗan sanda, ina tsoron mai kawo wasiƙa, ina tsoron duk wanda ya rataya kati a wuya. Bizar ɗalibta nake da ita, lafiyayya, babu abin da ya same ta, amma kullum ji nake kamar kuskure ɗaya zan yi a kai ni filin jirgin JFK da akwatina. (Na taɓa komawa shago a ƙafa cikin ruwan sama don in mayar da cokalin roba da na ɗauko guda biyu maimakon ɗaya. Mai shagon kallona kawai ya yi.)

A bene ɗaya da mu akwai wata 'yar Nijar, Yaya Rakiya, mutuniyar wajen Maraɗi. Kitso take yi a wani shago, mijinta kuma yana tuƙin tasi, yawanci yana can layin filin jirgi yana jiran fasinja. Ita ce take yi mini kitso a gida ranar Asabar, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Malama. A shekarar ne aka kawo musu 'yarsu Dije, wadda ta girma a ƙauye wajen kakarta. Shekarunta tara ko goma, ban tabbata ba, su ma ina ga ba su tabbata ba. Ba ta taɓa shiga aji ba.

Wata rana da yamma Yaya Rakiya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ba ta ko tsaya gaisuwa ta kai ƙarshe ba.

"Malama, lakwal sun ce sai sun gwada ta. In ta faɗi, wai ƙaramar mota mai ruwan ɗorawa za ta riƙa zuwa ɗaukar ta."

Lakwal ita ce makaranta a bakin 'yan Nijar. Na san motar da take nufi. A shagon kitso matan sun gama yanke hukunci cewa duk yaron da ya faɗi wannan gwaji, makarantar masu taɓin ƙwaƙwalwa ake kai shi can nesa, daga nan kuma gwamnati ta ƙwace shi. Ban san ko akwai gaskiya a ciki ba, wataƙila ma babu ko kaɗan. Da ina da hankali da na je na tambaya. Amma ni da ya kamata in kwantar mata da hankali, sai na tarar na fi ta tsorata.

"Ke kin yi boko," in ji ta, "ke za ki shiga da ita, ki maida musu magana. Ɗiyata ba ta da komi a kai, wallahi. Kunya ce kawai."

Na ce zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawarin komai ba. (Ban cika yin alkawari ba. Ko an tambaye ni ƙarfe nawa, da "ina ga" nake farawa.)

Sauran kwanakin na mayar da ɗakina aji. Na sayo littafi da fensir, na zaunar da Dije a gaban teburi, na fara da abin da aka fara mini da shi a firamare: biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, a rera kamar waƙa. Duk sanda na yi mata tambaya sai in ga babban yatsanta yana yawo a kan gaɓoɓin sauran yatsun, sai in buge hannun. Na ce mata Turawa in sun ga haka cewa za su yi ba ta da wayo. Ta ɓoye hannayen a ƙarƙashin cinya, daga nan kuma ta daina amsawa gaba ɗaya. In rubuta bakwai, ta ƙura wa takardar ido. In rubuta alamar tarawa, ta ce mini gicciye ne irin na wuyana. Kafin ranar gwajin na riga na gama yanke wa kaina cewa yarinyar nan ba ta san lissafi ba ko kaɗan, kuma motar nan tana nan tafe.

Da safen muka tafi mu uku. Yaya Rakiya ta ci ado kamar mai zuwa suna, ta shafa wa Dije mai har goshinta yana ƙyalli. Ni kuwa na sa kwat ɗina guda ɗaya, na ɗauki fasfo da duk takardun makarantata a jaka, ko da za a tambaya. Ba wanda ya tambaya.

Wadda za ta yi gwajin wata dattijuwa ce baƙar fata, mai furfura, tabarau na rataye a ƙirjinta. Ta ce uwar ta jira a waje. Ta nuna mini kujera a gefe, ta ce aikina ɗaya ne: abin da ta faɗa in faɗa wa yarinya, abin da yarinya ta faɗa in faɗa mata, kada in ƙara, kada in rage. Na ce to, har sau uku.

Ta fara da abin da take ganin mai sauƙi ne, don yarinya ta saki jiki.

"Tambaye ta, mutum nawa ne a gidansu?"

Na tambaya. Dije ta dubi ƙasa, ta ce a hankali, "Tanti, ba a ƙirga mutane."

Na san abin da take nufi sarai, mu ma a gidanmu kakata ba ta yarda a nuna jikokinta da yatsa ana ƙirgawa, wai mutuwa tana saurare. Amma yaya zan faɗa wa wannan matar haka? Na hango ta tana rubuta cewa yarinya ba ta iya ƙirga 'yan gidansu ba. Na hango motar. Sai na ƙirga su da kaina a zuci, uwa, uba, ƙanin uban da ke kwana a falo, Dije, jariri, na ɗago na ce da Turanci, "Ta ce biyar."

Matar ta rubuta. Ba abin da ya faru, rufin ɗakin bai faɗo ba. Ina ga a nan ne Shaiɗan ya gyara zama.

Ta zuba wasu 'yan katakai masu launi a teburi, ta ce a ware su. Dije ta ware su nan da nan. Matar ta ce mutum yana da awaki takwas, aka ƙara masa uku. Dije ta ce goma sha ɗaya tun kafin in rufe baki, na yi mamaki, amma na ɗauka sa'a ce. Sai aka miƙo takarda mai lambobi, Dije ta yi tsit, hannayenta a ƙarƙashin cinya kamar yadda na koya mata. Matar ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Na miƙa wuya in leƙa, ta karkatar da takardar.

Tambaya ta gaba a kan tafiya ce: idan mutum yana cin mil biyu a awa ɗaya, mil nawa zai ci a awa uku. Dije ta ce, "Da jaki ko da ƙafa? In da rana ce ai sai ya tsaya ya sha ruwa." Na ce da Turanci, "Ta ce shida."

Matar ta ɗora tabarau a hanci, ta dube ni ta samansa.

"Duk wannan maganar, shida ce?"

"Hausa tana da ɗan tsawo," na ce. (Allah ya yafe mini. Harshen da na yi mafarki da shi tun ina yarinya, na sayar da shi a tsaye.)

Ta jawo aljihun teburi, ta fito da ledar biskit, ina ga na shan shayinta ne, ta jera goma sha biyu a gaban Dije.

"Ki ce mata ta raba wa mutum uku. Nawa kowa zai samu?"

Na faɗa. Dije ta dubi biskit, a karo na farko ta fito da hannayenta, ta ɗora su a bakin teburi. Fuskarta ta canza, kamar an zo wurin da ta sani.

"Su wa da wa?"

"Ke, mutum uku kawai," na ce ƙasa-ƙasa, ina murmushi don kada matar ta gane faɗa nake yi. "Amsa za ki ba da."

"To ƙaƙa za ni raba in ban san babba ba? Akwai baƙo cikinsu?"

"Dije, don Allah."

"Ni ma ina ciki, ko rabo kawai za ni yi?"

Matar tana jira, biro a sama. Na juya na ce, da muryar da na yi ƙoƙarin ta fito daidai, "Ta ce four."

Sai Dije ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Yarinyar da tun zuwanta ba ta taɓa haɗa ido da babba ba.

"Tanti, wa ya ce four?"

Kafin in sami abin cewa ta juya wajen matar, ta girgiza kai, ta ce da ƙarfi, da Turancin da ban san tana da shi ba, "No four. No."

Daga baya na gano inda ta samo shi. Duk yinin da uwarta take shago, ita da yaran benenmu suna cikin lifta, hawa da sauka, suna rige-rigen danna maɓalli suna kiran lambobin. Ba ta iya cewa ina kwana da Turanci ba, amma daga ɗaya zuwa hawa na ƙarshe babu lambar da ba ta sani a kunne ba. Wato ta ji biyar ɗina, ta ji shida, ta yi shiru don kunya. Wannan karon ne abin ya taɓa sana'arta, ta kasa haƙuri.

Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne matar ta ajiye biro a hankali, ta cire tabarau, ta haɗa yatsunta. Kwat ɗin ya manne mini a baya.

"Me ta ce?" in ji ta. "Ainihin abin da ta ce."

Na faɗa mata. Ina haɗa Turancin da na yi shekaru ina taƙama da shi kamar 'yar aji ɗaya. Na ce tana tambaya ne su wane ne mutum ukun, wa ya girmi wa.

"Shidan fa?"

"Ta tambaya ko da jaki ne."

"Biyar ɗin?"

"Ta ce ba a ƙirga mutane. A wurinmu, wato wasu daga cikinmu, ba duka ba, suna ganin..."

Ta ɗaga hannu, na yi shiru.

"To tun ɗazu wa nake gwadawa?"

Ina tunanin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya: ko wannan laifi ne da ake kai mutum kotu, ko za ta kira jami'armu, ko za ta ce gwajin ya lalace a sa yarinyar a motar saboda ni. Wannan na ƙarshen ne ya sa idona ya cika. Na ce mata don Allah kada ta hukunta yarinyar, laifina ne, tsoro ne ya sa, an ce mana idan ta faɗi za a ɗauke ta. Har na fara buɗe jaka in nuna mata fasfo, ban san dalili ba.

Matar ta yage takardar da take rubutu a kai, ta ɗauko sabuwa.

"Za mu sake daga farko. In ta yi tari, ki ce mini ta yi tari. Kin gane?"

Na ce na gane.

"Ki ce mata mutum ukun su ne kakarta, da uwarta, da ita."

Na faɗa, kalma da kalma. Dije ta gyara zama. Ta tura biyar gefe guda, ta ce na Kaka. Ta tura huɗu, na Inna. Ta jawo uku gabanta. Na fassara, duk da na san ba amsar littafi ba ce. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, sai Dije ta ɗaga yatsa alamar ba ta gama ba. Ta ɗauki ɗaya daga kason Kaka ta ɗora a nata.

"Kaka ba ta cinye nata. Kullum sai ta miƙo mini guda." Ta dubi kaso ukun, sannan ta dube ni. "Yanzu ne ya zama four. Amma ba da shi ake farawa ba."

Na fassara wannan ma, har da ƙarshen, duk da cewa da ni take.

Matar ta yi wata irin dariya ta hanci, ta jawo kujerarta kusa. Daga nan kamar an manta da ni a ɗakin, na zama bututu kawai. Matar ta ce to ga baƙo ya shigo. Dije ta tambaya namiji ne ko mace, daga nesa ya zo ko maƙwabci ne, sannan ta zare daga kowane kaso ta haɗa na huɗu, ta rage nata ya fi na kowa ƙanƙanta. Matar ta ce idan duka huɗun sa'o'in juna ne fa? Dije ta ce ai wannan ba wuya, uku-uku, ba ta ko taɓa biskit ɗin ba. Aka ƙara ɗaya ya zama goma sha uku. Ta ce a fasa shi biyu, kowane rabi a sake fasa shi biyu, amma biskit yana marmashewa, gara a ba ƙaramin cikinsu a huta. Matar ta tambaye ta ina ta koyi wannan. Dije ta ce ita ke rabon tuwo da nama a gidan Kaka tun haƙoranta na gaba ba su fita ba, kwano na maza, kwano na mata, na yara, da wanda ake ajiyewa ko wani zai zo. Idan ta yi kuskure kowa zai gani a kwanonsa, ba a buƙatar malami.

Da lambobi suka yi yawa sai na ga babban yatsanta ya fara motsi, ta saci kallona, ta mayar da hannun ƙarƙashin cinya. Matar ta lura.

"Me ya sa take ɓoye hannu?"

An ce kada in rage. Na ce, "Ni na hana ta."

"Ki ce mata ta fito da shi."

Na faɗa. Ban taɓa jin umarnin da ya yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

Da aka gama matar ta kira Yaya Rakiya ciki. Ta ce yarinya za ta zauna a nan makarantar, aji ɗaya ƙasa da sa'o'inta, za a riƙa ba ta darasin Turanci da na rubutu daban. Babu mota. Na fassara, Yaya Rakiya ta dafe ƙirji tana ta hamdala, tana sa wa matar albarka har da iyayenta da kakanninta, ni kuma ina mayarwa da Turanci ɗaya bayan ɗaya, don yanzu ko atishawa aka yi sai na fassara.

Muna fita matar ta kira ni baya. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce shi ke nan, yanzu ne. Ta ce zama na gaba za su nemo wani tafinta. Na ce hakan ya dace. Ta mayar da tabarau, tana tattara biskit ɗinta, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Amsoshinki duka daidai ne, af. Kin ci aji uku."

A hanyar gida na yi ta addu'a Dije ta yi shiru. Muna jiran fitilar tsallaka titi uwar ta tambaye ta yadda aka yi a ciki.

"Inna, Tanti ba ta jin Hausa sosai," in ji Dije, cikin tausayi. "In na faɗi magana sai ta faɗi wata daban. Amma daga baya ta gane."

Yaya Rakiya ta dube ni, ta kama hannuna ta matse.

"Ba komi, Malama. Ai ku mutanen Jos kuna ƙoƙari."

Na buɗe baki in kare kaina, sai na auna: ko dai in zama wadda ba ta jin Hausa, ko in zama maƙaryaciya. Na ce mata na gode. Kafin mako ya zagayo labari ya kai shagon kitso, kuma har na bar unguwar matan nan in za su yi mini magana a hankali suke yi, da ƙarfi, suna haɗawa da hannu.

Ban ce na zama jaruma daga ranar ba, har yanzu ina tsoron masu kati a wuya. Amma na koyi abu ɗaya, ina ga: idan yaro ya amsa tambaya da tambaya, ba lallai ne bai sani ba, wataƙila tambayar ce ba ta cika ba. Kuma idan tsoro ya ce mini in taimaki wani ta hanyar yin magana a madadinsa, nakan fara tabbatarwa ba ya jin lambobi.